Zauren Makaɗan Jos: Wa Ya Taɓa Kaɗa Sintesaiza da Jita?

Danjuma, Bukuru: Salama alaikum 'yan zaure, manya ina gaisuwa. Ni makaɗin jita ne, fiyano kuwa yatsuna ba su saba da shi ba. Ina haɗa waƙoƙi a manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio, ina so in sa musu sarewa da gogen Turawa, amma jera su ɗaya bayan ɗaya da linzamin kwamfuta yana cinye min dare, kuma in an gama sai ka ji kiɗan ba rai. An ce akwai manhajar da ke juya kiɗan jita ya koma MIDI, wato umarnin da kwamfuta ke bi ta kaɗa kowane kayan kiɗa. Wacce za ku ba ni shawara? Laftof gare ni da ƙaramin saunkad, akwatin nan da ke shigar da sauti cikin kwamfuta.

Sadik, Bauchi Road: Wa alaikumus salam. Nemi MIDI Guitar ta kamfanin Jam Origin. Ba ka liƙa wa jitarka komai, kebul ɗinka na kullum za ka soka a saunkad. Tana gane kod, wato sautuka da yawa a tare, ba sauti guda kaɗai ba. Akwai ta gwaji kyauta, ka fara da ita kafin ka taɓa aljihu.

Oga Habu, Farin Gada: Sadik ka yi sauri. Danjuma, amsa min wannan tukuna: so kake kana kaɗawa kana jin sarewar nan take, ko kuwa ka ɗauki jitar ka ajiye, daga baya a juya ta? Hanyoyin biyu ne, kuma wahalarsu ba ɗaya ba ce.

Hajara, Rayfield: In ta biyun ce ba sai ka kashe ko kwabo ba. Spotify sun saki Basic Pitch kyauta a 2022, ka jefa mata sautin da ka ɗauka ta miƙo maka MIDI. Akwai NeuralNote, ita ma kyauta, a kan Basic Pitch ɗin aka gina ta. A cikin FL ɗinka ma NewTone na yin wannan in layin waƙa guda ne. Masu Ableton tun Live 9 na 2013 suke da abin a gida. Melodyne ta fi su iya tsefe kod, sai dai da kuɗinta. Ni haka nake aikin kiɗan fim, don bayan an juya ina da sararin zama in share tarkace a natse.

Danjuma: Oga, nan take nake so, don in ban ji sarewar a kunnena ba, hannuna kiɗan jita zai ci gaba da yi. Na sauke wadda Yaya Sadik ya ce. Tana aiki, amma sautin yana makara, kuma wasu sautuka suna faɗowa waɗanda ban kaɗa ba.

Oga Habu: To zauna ka ji, ƙanina. MIDI ba sauti ba ne, umarni ne. Tun 1983 da aka kafa shi, abin da yake aikawa shi ne: an danna kaza, da ƙarfi kaza, an saki. A fiyano wannan ba wuya, maɓalli ne, ana taɓa shi an sani. Jita kuwa ba ta da maɓalli. Dole manhaja ta saurari karkarwar tsirkiya tukuna kafin ta yanke cewa wannan E ne ko G ne.

Ga inda gizo ke saƙar. Babbar tsirkiya ta E tana karkarwa wajen sau 82 a sakan ɗaya, ke nan zagaye guda yana cin milisakan 12. Siririyar E kuwa wajen sau 330 take yi, zagayenta milisakan 3 ne. Manhajar tana bukatar ta ji wani abu daga zagayen nan kafin ta tabbatar, shi ya sa manyan tsirkiyoyi suka fi makara. Wannan ba laifin laftof ɗinka ba ne, halittar abin ke nan. Dabarar ita ce, in layin bes kake so, ka kaɗa shi a sirara, ka sa manhajar ta sauke shi oktaf ɗaya ko biyu.

Sauran jinkirin kuma na saiti ne, shi yana da magani. Duba bafa, wato yawan gutsattsarin sauti da kwamfuta ke tarawa kafin ta sarrafa su. A saitin gutsattsari 44,100 a sakan, bafa 512 tana cin kusan milisakan 12 a shiga kawai, 128 kuwa ba ta kai 3 ba. Sauke ta zuwa 128, in kwamfutar ta fara tari ka koma 256. Ka yi amfani da direban ASIO na saunkad ɗinka, in ba shi da nasa sai ASIO4ALL. Kuma ka danna maɓallin INST, na soka jita kai tsaye, da ke gaban saunkad ɗin, yara da yawa suna mantawa da shi.

Bitrus, Tudun Wada: Oga ya gama magana a kan jinkiri. Ni kan sautukan fatalwa zan yi tambaya. Danjuma, da wuta kake aiki ko da janareta? Cajar laftof tana soke?

Danjuma: Janareta ne yawanci, Yaya Bitrus. Caja kuma ba ta fita, batirin ya tsufa.

Bitrus: Ai shi ke nan. Wutar ƙasar nan sau 50 take kaɗawa a sakan, ninkinta kuma, 100 da 150, sun faɗo cikin zangon jita. Kai kunnenka ya saba da gurnanin har ba ka jin sa, ita manhaja tana iya ɗaukar sa a matsayin kiɗa. Zare cajar ko na minti biyar ne ka ji bambanci. Ka matsa nesa da janareta da sitabilaiza, ka ɗan ɗaga ƙofar tace hayaniya da ke cikin manhajar. In fikof ɗin jitarka, wato abin da ke ɗaukar sautin tsirkiya, siriri ne irin na Stratocaster, sa makunninta a matsayi na biyu ko na huɗu, a yawancinsu nan gurnanin ke mutuwa.

Amma gaskiya rabin fatalwar daga hannu take. Tsirkiyar da ba ka kaɗa ba tana amsawa a ɓoye, yatsa yana goga wata in za ka sauya wuri, duk manhajar rubutawa take. A amfilifaya waɗannan suna ɓacewa cikin daɗin kiɗa, a nan kuwa kowanne sai ya fito da kayansa. Ɗaura tsumma ko robar kitso a wuyan jitar wajen kai, ka kwantar da gefen tafinka a kan manyan tsirkiyoyi. Kada ka sa distoshan ko eko kafin manhajar, ba ta busasshen sauti. Yanzu kuma ga hunturu, sanyin Jos yana motsa katako, sai ka riƙa duba tunin kafin kowace ɗauka. Tsirkiyar da ta yi tsatsa a canza ta.

Baba Ishaya, Dogon Dutse: Yara, duk na karanta. Ni dai har gobe ina tare da ƙarfe. Fikof ɗin Roland GK-3 gare ni da akwatin sintesaizarsa GR-55, wanda ya fito a 2011. Kowace tsirkiya da kunnenta, shida rigis, kowacce tana tafiya a layinta na MIDI. Kana iya lanƙwasa ɗaya sauran su tsaya cak, kana iya ba manyan biyu bes, ƙananan huɗu ogan. A coci ko wajen biki ba na son abin da zai ce min yana sabunta kansa alhali amarya na shigowa.

Sadik: Baba, a gafarce ni, maganarka dutse ce a kan dandamali. Amma yaron nan a ɗaki yake aiki. Kuɗin GK da na'urarsa sun ninka na manhajar nesa ba kusa ba, ga kebul ɗinsa mai ƙafa 13, in ya lalace ba za ka shiga kasuwar Terminus ka ɗauko wani kamar na caja ba, sai an aiko daga Legas ko waje. Kuma MIDI Guitar 3 ta zo da MPE, ita ma tana bin lanƙwasar kowane sauti shi kaɗai.

Baba Ishaya: Na ji. Fishman TriplePlay ma yana nan, shi ba kebul ɗin nan, ga wanda yake da hali. Amma Danjuma ya fara da abin da ke hannunsa.

Hajara: Ba wanda ya taɓo abin da za a kaɗa ɗin. Manhajojin sintesaiza na Vital da Surge XT da Dexed duk kyauta ne, Dexed ɗin kwaikwayon Yamaha DX7 ce, in kana son fiyanon nan mai ƙararrawa na waƙoƙin da. Fara da sautuka masu shigowa a hankali, irin su goge da ogan mai laushi, su ne ke ɓoye ɗan jinkirin da ya rage. Fiyano da ganga su ke tona asiri. Sannan ka daidaita iyakar lanƙwasa a ɓangarorin biyu: yawancin sintesaiza a kan 2 suke zuwa, in manhajar tana aika 12 sai ka ji abin ya fita daga tuni. In fiyano kake kaɗawa ma kashe lanƙwasar gaba ɗaya.

Abin da ya fi damuna da 'yan jita shi ne, sai mutum ya zaɓi sarewa, ya riƙa share tsirkiya shida a kanta. Mai sarewa sauti guda yake busawa, kuma yana tsayawa ya ja numfashi. Ka bar masa wurin numfashin.

Danjuma: Anti Hajara wannan da ni kike. Na zare caja, na sauke bafa zuwa 256, na ɗaura tsumma, abin ya gyaru sosai. Saura ɗaya: ina jin sautin amma FL ba ya rubuta min shi a allon fiyano.

Sadik: Buɗe MIDI Guitar ɗin ita kaɗai a wajen FL, ka sauke loopMIDI, kyauta ne. Ƙirƙiri layi guda a ciki, ka sa manhajar ta aika can, sannan ka kunna layin a saitin MIDI na FL kamar wani kibod ne ka soka. Masu Mac ba sa bukata, IAC Driver yana ciki. In direban saunkad ɗinka ya ƙi yarda manhaja biyu su riƙe shi lokaci ɗaya, ka faɗa min irinsa.

Auwal, Dilimi: Gafara dai manya, in ɗan karkata. Wannan abin zai yi da kuntigi ko gurmi? Akwai wani dattijo da nake ɗauka.

Oga Habu: Kuntigi tsirkiya ɗaya ce, ta nan ya fi jita sauƙi. Matsalar ita ce da makirfo za ka ɗauke shi, kuma ƙarar ƙarfen da ke kansa za ta shiga, ga sautukansa ba duka suke zaune daidai kan maɓallan fiyano ba. In ka bar manhaja ta ja su zuwa maɓalli mafi kusa, ka kashe abin da ya sa ka ɗauko dattijon. Ɗauke shi tukuna, ka bi hanyar Hajara da Basic Pitch, tana fitar da lanƙwasa. Turo min minti ɗaya na ɗaukar in saurara, amma ka nemi izininsa kafin ka turo.

Auwal: To Oga, zan tambaye shi ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci.