Muhawara: Shin labarin Santa zai koya wa yaro Turancin yau da kullum?

Malamin Aji Biyar: Assalamu alaikum jama'a. Na san za a yi mini ca, amma zan faɗa. Makon jiya na ajiye littafin nahawu, na ba 'yan ajina labarin Santa da Turanci mai sauƙi: tsoho mai farin gemu da Turawa ke ce wa yaransu yana saukowa ta bututun hayaƙi daren 24 ga Disamba, ya zuba musu kyauta a safar da suka rataya. Bayan kwana uku na yi musu tambaya, sai ga shi sun riƙe "hang up", "climb down", "wrap" da "naughty". Wata biyu ina rubuta irin waɗannan a allo, ko gezau. Ni dai na ce tatsuniyoyin hunturun Turawa sun fi littafi koyar da Turancin yau da kullum.

Hajiya Mai Ɗinki: Wa alaikumus salam. Malam, ban yarda ba. Nawa yaron ma an ba su irinsa, ya dawo yana ta rera mini "reindeer" da "sleigh". Na ce mene ne, ya ce barewar ƙasar ƙanƙara da amalanke marar taya. To a ina zai faɗe su? A Kantin Kwari? Yaron da hunturunsa hazo ne da kaushi da tsagewar leɓe. A koya masa yadda zai tambayi farashi ko ya gaya wa likita inda ke masa ciwo.

Malamin Aji Biyar: Hajiya, ita barewar ai ƙugiya ce kawai. Abin da ke maƙale a jikinta nake so. Yaro ba zai hau "sleigh" ba, amma kullum zai rataya riga, ya naɗe kaya, ya tashi daga barci.

Ɗan Manchester: Hajiya, bari in ba ki labarin kunyar da na sha. Shekarata ta farko a Ingila, abokan aiki suna ta maganar "Boxing Day", ni kuwa na ɗauka dambe za a yi, har na tambaya a wane fili. Aka yi ta dariya. Ashe 26 ga Disamba ce, kuma sunan daga akwatin kyauta ne da ake ba masu hidima a da. Abin haushin, a Najeriya ma ranar hutu ce, na girma ina cin hutunta ban san ma'anarta ba. Haka na ji ana kiran wani "Scrooge" don ya ƙi sa kuɗin karo-karo. Marowacin attajiri ne a labarin Kirsimeti da Charles Dickens ya fitar a 1843, yanzu sunan ya zama kamar mu ce "na marowata". Babu littafin nahawun da ya gaya mini wannan.

Hajiya Mai Ɗinki: Kai kana can, ƙanena, dole ka sani. Nawa yana Gwammaja.

Baba Alaramma: Ni ba Turancin ne damuwata ba. Ku yi haƙuri, amma wannan bikin addinin wasu ne. Yaro ɗan shekara goma ba ya tantance tatsuniya da aƙida.

Malama Ta Wusasa: Baba, da girmamawa, ni Kirista ce, kuma Santa ba ya cikin Littafi Mai Tsarki. Asalinsa wani bishop ne, Nikolas, da ya rayu a ƙarni na 4 a garin Mira, a ƙasar Turkiyya ta yau. Ana ba da labarin wani talaka mai 'ya'ya mata uku da ya rasa abin aurar da su, Nikolas ya riƙa jefa masa zinariya cikin dare don kada a san shi ne. A wata ruwayar zinariyar ta faɗa cikin safar da aka shanya a bakin murhu, shi ne tushen rataya safa. Mutanen Holan suka kira shi Sinterklaas, suka kai sunan Amurka ya koma Santa Claus. Barewa da jar riga duk daga baya aka ƙara. Amma ban ce damuwarka ba ta da tushe ba. Ni ma in zan ba yaran wasu labarin, sai iyayensu sun sani.

Baba Alaramma: Madalla, 'yata. Uban da ya rasa kayan ɗakin 'ya'yansa, wannan kowa ya san shi. Amma yaranmu sun san Gizo da Ƙoƙi. Me ya hana a juya musu Gizo da Turanci? Duk "rataya" da "naɗe" da kuke nema suna ciki.

Malamin Aji Biyar: Baba, na gwada. Yana aiki, har ya fi sauri, tunda sun san inda labarin zai nufa. Matsalar ita ce Turancin da ke fita nawa ne, ni na ƙera shi. A labarin Turawa kuwa maganarsu ce yadda suke yinta. Uwa ta ce wa ɗa in bai natsu ba "a lump of coal" zai tarar a safarsa, wato dunƙulen kwal maimakon kyauta. Daga nan yaro ya samu "a lump of", gobe ya ce "a lump of sugar".

Ɗan Manchester: Akwai ma wanda babu ruwansa da coci. A Sikotlan, daren 31 ga Disamba, suna camfa cewa wanda ya fara shigowa gida bayan sha biyun dare shi ke kawo sa'ar shekara. An fi son namiji mai baƙin gashi, ya zo da kwal a hannu. Suna kiransa "first-footing". Ga "knock", ga "come in", ga "good luck". Sannan "mistletoe" da suke ratayawa a bakin ƙofa, na daɗe ina kallonsa kafin na gane ɗan uwan kaucinmu ne, wanda ke fitowa a jikin bishiya.

Hajiya Mai Ɗinki: Kauci? Wanda masu magani ke nema? Ikon Allah. To wannan na yarda, don yaro zai iya nuna shi da yatsa. Amma Malam, ka ce sun fi littafi. A nan ne muka rabu. Kwana uku ba gwaji ba ne. Ka bari a dawo hutu ka sake tambayarsu.

Malamin Aji Biyar: "Sun fi littafi" ɗin na janye rabi. Labari ba zai koya musu bambancin "has" da "have" ba, wannan sai allo da maimaici.

Malama Ta Wusasa: Ka janye duka mana, Malam, ba a biyan tara.

Malamin Aji Biyar: Rabi dai. In an dawo a Janairu zan raba ajin biyu, rabi Gizo, rabi Santa, kalmomi iri ɗaya, kuma sai na tura wa iyaye takarda tukuna kamar yadda kika ce.

Hajiya Mai Ɗinki: Da nawa a ajinka yake, da ɓangaren Gizo zan ce a sa shi. Barewar nan ta ishe ni a gida.