Muhawara: sunan yanka ne maganin zage-zage a zauren intanet?

Mai Jan Ragama: Assalamu alaikum. Zage-zagen makon jiya ya ishe mu. Shawarata ita ce daga wata mai zuwa kowa ya ajiye laƙabi, ya yi magana da sunansa na yanka. Mutum ba ya sakin baki sai ya tabbata ba a san shi ba. Me kuka gani?

Dattijo: Wa alaikumus salam. Ina bayanka, Malam. Kunya a ido take. Yaron da ya san yayansa ko surukinsa na karanta abin da ya rubuta ba zai kira sa'an ubansa jahili ba.

Ɗan Boko: Baba, a yi min afuwa, amma an gwada wannan a ƙasa guda sukutum. A 2007 Koriya ta Kudu ta wajabta wa manyan shafukan intanet tantance mutum da sunansa da lambar shaidarsa kafin ya rubuta komai. A 2009 aka faɗaɗa dokar ta hau kan duk shafin da ke samun baƙi 100,000 a rana. YouTube ya ƙi, ya gwammace ya rufe ɗora bidiyo da sharhi a sashensa na Koriya. A Yulin 2011 kuma masu kutse suka kwashe bayanan mutane kusan miliyan 35 daga shafukan Koriya biyu, Nate da Cyworld. Watan Agustan 2012 kotun tsarin mulkin ƙasar ta soke dokar, dukkan alƙalan bakinsu ɗaya. Cikin dalilansu har da cewa ba a nuna munanan kalamai sun ragu a zo a gani ba, kuma jama'a sun tsere zuwa shafukan ƙasashen waje.

Dattijo: Yaro, wannan gwamnati ce da miliyoyin mutane. Mu nan ɗari nawa ne?

Ɗan Boko: Haka ne, Baba. To amma leƙa Facebook. Da sunan gaskiya aka gina shi, kuma ga mutum da sunansa, da na mahaifinsa, da hotonsa ya sha ado, yana surfa ashar. Wani ma alfahari yake a san shi ne.

Gwaggo: Ni bari in faɗi abin da ku maza ba ku lissafa ba. Akwai zauren da na taɓa shiga da cikakken sunana. Na yi wa wani gyara a kan magana ɗaya tak, kafin dare ya binciko inda nake aiki, ya fara turo min saƙo ta bayan fage. Sai da na fita. Ku sa wannan doka, masu zagin za su zauna daram, mata da masu tambayar abin da ya shafi cuta ko aure ko bashi ne za su yi tsit.

Mai Jan Ragama: Subhanallah. Allah Ya kyauta, Gwaggo. Amma wanda na kora jiya ya dawo yau da sabon laƙabi. Sau uku ke nan. Da me zan kama shi?

Baƙon Dare: Malam, a nan gizo ke saƙar. Matsalarka sauƙin canza suna ce. Wanda ya shekara biyar ana kiransa Dattijo yana da mutuncin da yake tsoron zubarwa, ko da ba mu san sunan da aka raɗa masa ba. Wikipedia tun 2001 take, akasarin masu gyara ta da laƙabi suke amfani, amma duk abin da ka taɓa yi yana rubuce a ƙarƙashin laƙabin. Ka hana canza suna barkatai, sabon shiga kuma a riƙa duba saƙonsa kafin ya fita har ya yi mako biyu. Mai dawowa don tsokana ba shi da wannan haƙurin.

Ɗan Boko: Google+ ma, shafin sada zumunta na Google, ya dage kan sunan gaskiya a 2011, a 2014 ya janye har da ban haƙuri.

Dattijo: Na ji. Amma ban sauka ba. Ko shugabanni kaɗai su san waye waye, sauran jama'a su ga laƙabi.

Gwaggo: Baba, wa zai riƙe takardun? In wayar Malam ta ɓata fa? Ko kuwa ranar da shugabannin suka saɓa, ɗaya ya fita da jerin sunayenmu a aljihu?

Mai Jan Ragama: Gaskiya ba na son wannan amanar a wuyana. Sai dai duba saƙon sababbin shiga aiki ne, kuma mu biyu ne rak, ɗayan ma sai dare yake leƙowa. Baƙon Dare, tunda kai ka kawo shawarar, za ka karɓi kwana uku a mako?

Baƙon Dare: Biyu dai, Malam. Kuma a fara rubuta abin da ake kira zagi, don kada in riƙe saƙon mutum ya ce son kai ne.