"Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa": har a kan bindiga?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Gardama ce ta kaure tsakanina da wani abokin aikina a kan mallakar bindiga a Amurka. Shi yana tare da masu ra'ayin a sakar wa mutum mara, waɗanda ke cewa gwamnati ta tsame hannunta daga duk abin da baligi ya zaɓar wa kansa. Da na matsa masa, sai ya ce ai kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Shin wannan magana izini ce ko gargaɗi?

Malamin makaranta: Wa alaikumus salam. Abokin naka bai kauce hanya ba, domin maganar tana ɗora wa mutum alhakin zaɓinsa ne, kuma kusan abin da masanin falsafar nan ɗan Ingila, John Stuart Mill, ya rubuta ke nan a 1859, cewa hukuma ba ta da hurumin tilasta wa mutum sai domin hana shi cutar da wani. Amurkawa sun sanya haƙƙin riƙe makami a gyara na biyu na tsarin mulkinsu tun 1791, sannan a 2008 Kotun Ƙolinsu ta tabbatar a shari'ar Heller cewa mutum yana da ikon ajiye bindiga a gidansa don kare kai.

Ma'aikaciyar jinya: Allah ya gafarta malam, ai sharaɗin da Mill ya gindaya shi ne ya rushe hujjar. Mai ɗibar zafi bakinsa kaɗai yake ƙonawa, harsashi kuwa jikin wani yake nufa. A 2021 kaɗai, sama da mutum 48,000 bindiga ta kashe a Amurka.

Malamin makaranta: Haka ne Hajiya, amma fiye da rabinsu kansu suka kashe.

Ma'aikaciyar jinya: To marayun da suka bari fa, su ma sun ɗebo ne?

Jikan mafarauci: Ku ba ni dama in kawo labarin kakata, Allah ya jiƙanta. Mijinta mafarauci ne, mutum mai zafin zuciya, kuma bindigarsa a jingine take kwana a bayan ƙofa. Ba ta taɓa cewa ya rabu da ita ba, domin ta san da ita ake ci da gidan, amma duk ranar da ya dawo sai ta karɓi harsasan ta kulle a akwatinta, ta rataya mabuɗin a wuya. Wata rana rigimar iyakar gona ta haɗa shi da ƙaninsa, ya shigo jikinsa na rawa yana neman mabuɗin. Ta zauna a kan akwatin ta ce masa bindiga tasa ce, amma ran ƙaninsa ba nasa ba ne. Ya yi ta faɗa har ya gaji ya zauna a ƙasa yana huci, kafin gari ya waye zuciyar ta sauka. Abin da ya sa na kawo labarin shi ne, wannan karin magana ba ya barin bakinta, amma ban taɓa jin ta faɗe shi ba sai ga wanda ta riga ta yi wa nasiha ya ƙi ji.

Tsohon direba: Allah ya jiƙan kaka. Sai dai ita matarsa ce, tana ƙaunarsa. Wa zai riƙe mana mabuɗin a matakin ƙasa? Su waɗannan da ke yawo da jerin motoci da masu gadi ɗauke da manyan bindigogi, sannan su hau mumbari su ce talaka ya yi haƙuri ya jira jami'an tsaro? Wanda bai taɓa kwana yana sauraron motsin ƙofa ba, bai kamata ya koya wa mutane tsoro ba.

Ma'aikaciyar jinya: Baba, ƙorafinka gaskiya ne, amma Ostireliya ta gwada. Bayan an kashe mutum 35 a Port Arthur a 1996, gwamnati ta tsaurara doka ta sayi bindigogi kusan 650,000 daga hannun jama'a.

Tsohon direba: Can mutane sun amince cewa idan sun kira 'yan sanda za su zo, 'yata.

Mai tambaya: Ke nan in koma in ce wa abokina me? Malam, idan kakar nan ta hana mabuɗin, shin ta tauye wa mijinta 'yanci ko ba ta tauye ba?

Malamin makaranta: A daren ta tauye. Zan so in ji ko da safe ta mayar masa da harsasan.