Allura ta soki abokiyar aikina, ina amfanin ƙungiyarmu a nan?

Nas_DutinDare:
Assalamu alaikum 'yan'uwa ma'aikatan lafiya. Don Allah waɗanda suka san harkar ƙungiyar ƙwadago ku taimaka min. Jiya a dutin dare allura ta soki wata abokiyar aikina, akwatin zuba allurai ne ya cika maƙil kuma babu sabo a sito, tana tura sirinji ciki sai wata tsohuwar allura ta huda safar hannunta ta shiga yatsa, wato ko ta wane majinyaci ce ma ba a sani ba. Da ta faɗa wa in-chaj, wato shugabar sashen, sai cewa ta yi wai sakaci ne, ta wanke ta koma bakin aiki. To ni abin da ke ci min rai duk wata ana yankar mana kuɗin ƙungiya a albashi amma ba ma jin ɗuriyarsu sai in za a tafi yajin aiki kan alawus. Shin irin wannan yana cikin huruminsu? Kuma in babu kayan kariya muna da ikon cewa ba za mu taɓa aikin ba?

Baba_Lab:
Wa'alaikumus salam 'yata. Ajiye maganar ƙungiya tukuna, yanzu yanzu ki kira ta ta je a fara mata PEP, maganin kariya daga HIV, ana fara shi ne cikin awa 72 kuma gara a awannin farko, sannan a sha kwana 28 ba fashi. Tunda ba a san mai allurar ba likita ne zai auna ya yanke, ba in-chaj ba. Mutane HIV suke tsoro alhali haɗarinsa a sukar allura kusan kashi 0.3 ne cikin 100, ciwon hanta nau'in B ne mugun, yana iya kaiwa kashi 30 ga wanda bai yi riga-kafi ba. Ta yi allurar riga-kafin hantar guda uku ɗin nan kuwa? A ɗebi jininta yau a rubuta sakamakon, don in wani abu ya ɓullo daga baya, Allah ya kiyaye, kar a ce da shi ta zo. Shi kuma akwatin nan in ya kai kashi uku cikin huɗu rufe shi ake yi, layin ma na nan a jikinsa. Wanda ya bari ya cika har baki shi ne mai sakaci.

Anti_Wakiliya:
Ƙanwata sannunku, Allah ya tsare gaba. Eh huruminsu ne, shi ne ma asalin aikin, albashi ne dai ya fi ƙara shi ya sa kuke ganin kamar shi kaɗai ne. Ni wakiliyar ƙungiya ce a sashenmu, abin da ke kashe mana irin wannan kes ɗin kullum ɗaya ne, babu komai a rubuce. Sai a zo min da baki ana kuka, in na shiga ofis a ce ina fom ɗin rahoton haɗari, shiru. Don haka ta cike fom yau, rana da lokaci da wod, wato ɗakin majinyatan, da sunan wanda ta sanar wa, a ɗau hoton akwatin kafin a ɗauke shi, ta riƙe kwafi ta ba wakilinku kwafi. Kar ta shiga ganin manya ita kaɗai in an kira ta.

Maganar ƙin aiki kuma akwai ta. Yarjejeniya ta 155 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, wadda aka yi a 1981, sashe na 13 ya ce ma'aikacin da ya janye daga aiki saboda yana da dalilin ganin akwai haɗari babba na nan take ga ransa ko lafiyarsa a kare shi daga hukunci. Sashe na 16 ya ɗora wa mai aiki samar da kayan kariya, na 21 ya ce kar ma'aikaci ya kashe ko sisi a kai, to masu sayen safar hannu da takunkumi da kuɗin aljihunsu ku ji. A 2022 ma ILO ta sa lafiyar wurin aiki cikin manyan haƙƙoƙin ma'aikata. Amma fa ki lura da biyu. Ƙarfin wannan a kotu ya danganta da abin da dokar ƙasarku ta ɗauka da abin da ke cikin yarjejeniyar ƙungiyarku da hukumar asibiti, ki nemi kwafinta ki karanta. Na biyu mu majinyata ne a hannunmu, in kika ajiye mara lafiya kika fice za a juya maganar ta koma kin yi watsi da shi, lasisinki ne a ciki. Abin da ake yi ki sanar da na sama nan take, a rubuce, ki ce wannan aikin takamaimai ba zan yi ba sai an kawo kaza, ki ci gaba da sauran.

Dogo_Tiyata:
Anti da girmanki amma wlh wannan duk a takarda ne. Shugabannin da an zaɓe su sai su koma 'yan gaban goshin manaja, ka kai ƙara a ce ana dubawa har ka gaji. Kwanaki ɗan'uwan wani majinyaci ya shaƙe wani abokin aikinmu a imajensi don an ce ya jira, ƙarshenta haƙuri aka ba shi aka ce ai mutumin yana cikin tashin hankali ne. Kuma kowa nas nas yake ta faɗa, masu shara fa? su ne ke ɗaukar buhun shara da allurai a ciki, yawancinsu ma'aikatan kamfanin kwangila ne ba sa cikin ƙungiyar kowa, ko riga-kafin hanta ba a yi musu.

Anti_Wakiliya:
Malam Dogo ban musa maka ba, akwai shugabannin da kujera kawai suka zo nema. Amma ranar zaɓe mutum nawa ke zuwa? Ranar mitin in an zo ajandar lafiya kowa ya fara duba waya, a ambaci alawus zaure ya cika. Su ma shugabannin abin da ke kawo ƙuri'a suke bi.

Kuma inda aka matsa an samu. A jihar Kalifoniya ta Amurka ƙungiyar nas-nas ce ta dage har aka yi dokar ƙayyade yawan majinyata ga kowace nas a 1999, ta fara aiki a 2004, a ɗakin kulawa ta musamman nas ɗaya majinyata biyu. A 2000 Amurka ta yi dokar da ta tilasta wa asibitoci amfani da allurai masu murfin kariya da ajiye rajistar duk wanda allura ta soka, har da cewa sai an ji ra'ayin masu aikin da hannu wajen zaɓen kayan. A Birtaniya tun dokar 1977 wakilin lafiya na ƙungiya yana da ikon zagaya wurin aiki ya duba, ya binciki haɗari, kuma in wakilai biyu suka nema a rubuce dole a kafa kwamitin lafiya. Duka da cin zarafi ma yarjejeniyar ILO ta 190 ta 2019 ta shigo da su, har wanda ya fito daga majinyata da danginsu, don haka abokin aikinka rahoto ya kamata ya cike kamar na allura.

Nas_DutinDare:
Na gode Baba, na kira ta tana hanya, ashe riga-kafin hanta guda biyu kawai ta yi. Anti to su masu sharar da Malam Dogo ya faɗa ya za a yi da su tunda ba membobi ba ne?

Anti_Wakiliya:
Ta gaya wa likita maganar guda biyun nan tun a bakin ƙofa, yana canza abin da za a ba ta. Masu shara kuma sashe na 17 na 155 ɗin ya ce in ma'aikatu biyu na aiki a wuri ɗaya dole su haɗa kai kan kariya, asibiti ba zai ce ba ruwansa don kwangila ce. Ku sa wakilinku ya nemi a rubuta riga-kafi da safar hannu mai kauri cikin sharuɗɗan kwangilar, kuma a ba su kujera ɗaya a kwamitin lafiya ko da ba sa biyan kuɗin ƙungiya.