Aya-aya a harabar makaranta: sai da feshi take fita?

Malam Sani: Aya-aya ta cinye kirikirin da muka dasa a harabar makaranta. Ni dai na tsaya a kan cewa ba a raba ta da ƙasa sai da maganin feshi. Mai ja, bismillah.

Hajiya Rabi: Ina da ja, Malam. Wane maganin? Paraquat ganye kawai yake ƙonewa, 'ya'yan da ke cikin ƙasa ko gezau, kuma an hana shi a Tarayyar Turai tun 2007 saboda gubarsa. Glyphosate kuwa bai san aya-aya da kirikiri ba, duka zai kashe. A nan fa yaranmu ke birgima.

Malam Sani: To ai mun yi noma, Hajiya. Muna sharewa, sati bai cika ba ta dawo har ta fi da.

Baba Iliya: Saboda kan kawai kuke cirewa, ɗana. 'Ya'yanta a sarƙe suke da jijiya ɗaya. Fartanya na tsinke jijiyar, kowane ɗa da ke barci ya farka ya tsiro. Aikin na rani ne. A daina ban ruwa, a kafta ƙasar kamar taƙi guda, a bar 'ya'yan a sarari cikin zafin Maris da Afrilu. Sati biyu, a sake juyawa. Rana ce ke kashe su, don ba sa jure bushewa.

Musa: Ku watsa gishiri kawai.

Hajiya Rabi: A'a, Musa. Gishiri ƙasar zai kashe, ko kirikirin ba zai sake kamawa ba.

Malam Sani: Baba, na ji. Amma wa zai kafta fili mai girman nan? Maigadi ɗaya gare mu.

Baba Iliya: Ba duka lokaci guda ba. A fara da inda ta fi yawa. Sauran wurin, duk wadda ta leƙo a tumɓuke ta kafin ta kai ganye shida, tun ba ta fara sabbin 'ya'ya ba. Kuma ku daina aske kirikirin har ƙasa. Aya-aya ba ta son inuwa.

Malam Sani: Ban gamsu za ta ƙare ƙaf ba. Amma gefen rijiya zan ba ku a ranin nan. In ta dawo da damina, zan sake tayar da maganar feshi.

Hajiya Rabi: Mun karɓa. Iyaye za mu kawo digogi ranar Asabar.