Neman shawara: muna son zuwa buga golf a filayen bakin teku, ta ina za mu fara?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka riga mu zuwa. Mu huɗu ne, mun daɗe muna buga golf tare, kuma mun tsai da magana baɗi in Allah ya kai mu za mu je mu taɓa filayen nan na bakin teku na Sikotlan da Ayalan, irin waɗanda ake babbar gasar golf ta Open a kansu. Hutun da za mu samu bai wuce mako guda ba. Kowa ya kawo sunan filin da ransa ke so: Old Course na St Andrews, Carnoustie, Royal Dornoch, Royal Troon, sannan mu tsallaka Ayalan ta Arewa mu buga Royal Portrush da Royal County Down. Ɗayanmu ma ya nace sai an sa Ballybunion. A taswira dai ba su da nisa da juna.

Shin hakan zai yiwu? Wane wata ya fi? Yaya ake samun shiga Old Course? Sannan babban yayanmu ya haura sittin, gwiwa tana ɗan damunsa, handikaf ɗinsa (lambar da ke auna ƙwarewar ɗan wasa, ƙarama ta fi) 28 ne. Don Allah a taimaka.

Dattijon zaure:

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya sa a je lafiya a dawo lafiya. Amma wannan jeri naku na tafiya uku ne, ba ɗaya ba. Taswira ce ta ruɗe ku. St Andrews tana gabashin Sikotlan, Troon tana yamma, Dornoch kuwa can arewa take, sai ka wuce Inverness da kimanin awa guda, kuma daga Edinburgh tafiyar wajen awa huɗu ce a mota. Portrush sai an ƙetare teku. Ballybunion tana kudu maso yammacin Jamhuriyar Ayalan, wata ƙasa dabam mai kuɗinta na yuro, kuma kada ku ɗauka bizar Birtaniya za ta shigar da ku can kai tsaye. In kuka bi wannan tsari, kullum kuna ɗaure kaya kuna kwancewa, ku iso fili a gajiye, ku buga cikin gaggawa, ku sake hawa hanya.

Ku zaɓi gari ɗaya ku sauke kaya, ku riƙa fita kuna dawowa. Tunda zuwan farko ne, ni St Andrews zan ce. Daga Edinburgh kamar awa ɗaya da rabi ne. A cikin garin kaɗai, ban da Old Course, akwai New Course da Old Tom Morris ya tsara aka buɗe a 1895, akwai Jubilee na 1897, akwai Eden na 1914, duk a jere a kan yashi guda. Kingsbarns, wanda aka buɗe a 2000, bai fi mil bakwai daga garin ba. Carnoustie ƙasa da awa guda ne, ka haye gadar Tay ka ratsa Dundee. Sai kuma ƙananan filayen gaɓar Fife, yankin da St Andrews take ciki, da baƙi ke wucewa ba su duba ba: Crail, wanda ƙungiyarsa ta kafu tun 1786, da Elie, da Lundin, da Leven. A Elie ramin farko tudu ne ya tare shi, don haka mai sallamar 'yan wasa yana leƙawa da madubin jirgin ruwan yaƙi na ƙarƙashin teku ya ga ko na gaba sun wuce kafin ya ce ku buga. Kuɗin waɗannan ƙananan bai kai na manyan ba ko kusa, kuma wallahi daɗin da na ji a Crail ban ji shi a wasu masu suna ba.

Mai ƙuri'a:

Na goyi bayan Baba. Bari in ɗora a kan maganar Old Course, don nan ne mutane suka fi shan wahala. Filin na jama'a ne, hukumar St Andrews Links Trust ke kula da shi, kuma hanyoyin shiga sanannu ne. Akwai neman gurbi tun shekara guda kafin zuwa, wanda ake buɗewa wajen ƙarshen bazarar can. Ku riƙa duba shafin hukumar kada ya wuce ku. Akwai kamfanonin yawon buɗe ido masu sayar da gurbi tabbatacce haɗe da masauki, sai dai kuɗin ya ninka sau da yawa. Sai ƙuri'a: kuna sa sunayenku kwana biyu kafin ranar da kuke so, aƙalla mutum biyu, da yamma a fitar da sakamako. Mai zuwa shi kaɗai ma yana da tasa ƙuri'ar.

To a nan ne zama wuri ɗaya yake da riba. Wanda ya kwana mako a garin zai iya shiga ƙuri'a kullum, wanda ya ware wa garin kwana ɗaya kuwa harbi ɗaya gare shi. Ku sa Carnoustie da Kingsbarns a ranakun da ba za su motsa ba, tunda sai an biya tun da wuri, sauran ranakun ku bar su sakwa-sakwa yadda in ƙuri'a ta faɗo za ku iya sauya tsari.

Abu biyu kada ku manta. Ba a wasa a Old Course ranar Lahadi in ba lokacin gasa ba, filin yakan zama wurin shan iska ne na mutanen gari. Ku shiga ku taka shi da ƙafa a ranar, ku tsaya kan gadar Swilcan, ku leƙa ramin yashin da ke gefen rami na 17. Na biyu, ana neman shaidar handikaf, iyakarsa 36, don haka Alhaji babban yayanku ya shiga, sai dai kowa ya riƙe shaidarsa.

Hajiya:

Malam mai tambaya, ni batun gwiwar Alhaji ne ya fi tsaya mini a rai, don na ga ba a taɓo shi ba. A waɗannan filaye da ƙafa ake wasa. 'Yar motar fili ba kowa ake ba wa ba, a wurare da yawa sai da takardar likita, wasu ma sai kadi, wato mai ɗaukar wa ɗan wasa jakar sanduna yana ba shi shawara, ne zai tuƙa. Rami 18 tafiyar wajen kilomita goma ce, a kan ƙasa mai tauri da tudu da kwari, ga iska tana tura ka. Ku rubuta wa kowane fili tun yanzu ku ji ƙa'idarsa, ku nemo takardar likitan kafin ku tashi. Kada kuma dogon yinin bazara ya ja ku ku ce za ku buga sau biyu a rana. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen goma na dare, ana ganin akwai lokaci, amma jiki ba ya bin agogo. Ku ware rana guda a tsakiya ta hutu, ku daidaita ta da Lahadi.

Kadi kuwa ku ɗauka, ko da ɗaya ne ku huɗu, musamman a Old Course. Ramukan yashi sun haura ɗari, da yawa ba ka ganin su daga inda kake tsaye. Manyan shimfiɗun rami, wato lallausar ciyawar da ke kewaye da rami da tutarsa, guda bakwai kowace ramuka biyu ne ke raba ta, baƙo zai iya auna tutar da ba tasa ba. Kuɗin kadi dabam yake da kuɗin fili, kuma ana ƙara masa goro a kai, ku sa shi a lissafi.

Ɗan arewa:

Ni fa da ɗan bambanci, a gafarce ni Baba. St Andrews a bazara cike take, masauki tsada, ga jiran ƙuri'a da kan hana mutum sakewa. In don wasan kansa ne, Dornoch da Brora da Nairn sun fi natsuwa nesa ba kusa ba. Ko kuma gabashin Edinburgh, inda Gullane ke da fili uku, ga North Berwick da ake buga ƙwallo ta haye katangar dutse a rami na 13, ga Muirfield da ke karɓar baƙi Talata da Alhamis.

Dattijon zaure:

Ba mu saɓa ba ai, ɗana. Duk inda ka ambata yanki ɗaya ne da za a zauna a ciki, abin da nake faɗa ke nan. Na zaɓar musu Fife ne don sun ce Old Course ne kan gaba a ransu. Wanda ya je Dornoch zuciyarsa na St Andrews ba zai ga kyan Dornoch ba.

Mai horarwa:

Yallabai, a shirya hannu ma, ba tikiti kawai ba. Ƙasar filayen nan yashi ce da teku ya bari, ruwa ba ya kwanciya a kanta, ciyawar gajera ce, bishiya kusan babu. Ƙwallon da ka saba ɗagawa sama ta sauka ta tsaya, a can iska za ta kwashe ta, in ta sauka kuma ta yi ta gudu. Ku fara koyon bugu ƙasa-ƙasa tun yanzu: ɗauki sandar da ta fi wadda ka saba tsawo, ka rage ƙarfi, ka sauke ƙwallon kafin shimfiɗa ta gangara da kanta. Sandar gungurawa ma tana aiki daga nesa da shimfiɗa. In ka faɗa ramin yashi mai bango a tsaye, fito ta gefe ko ta baya, ka karɓi asarar bugu ɗaya. In ƙwallo ta shiga ƙayar nan mai furen rawaya, ka bar ta. Ku riƙe ƙwallaye da yawa, rigar ruwa da wandonta, safar hannu ta ruwa, hular sanyi ko a Yuli ne, da takalmi biyu don ɗaya ya bushe. Kuma kada Carnoustie ya zama filinku na ranar farko, ku fara da Eden ko Crail hannu ya faɗa.

Mai tambaya:

Allah ya saka da alheri, kun buɗe mana ido. Mun zauna jiya mun cire Ayalan da Dornoch da Troon, za mu sauka St Andrews. Saura batun wane wata ya fi, da batun mota.

Mai ƙuri'a:

Mayu zuwa Satumba ne lokacin. Mayu da farkon Yuni sun fi mini, ga haske, kuma cunkoso bai kai na Yuli da Agusta ba. Ku kauce wa ƙarshen Satumba zuwa farkon Oktoba, lokacin gasar Dunhill Links da ke cinye Old Course da Carnoustie da Kingsbarns gaba ɗaya. In tafiyar ta faɗa 2027 kuma, gasar Open za ta dawo St Andrews a Yuli, filin zai rufu na wani lokaci kafin ta, ku duba jadawalin ranakun da hukumar ke fitarwa kafin ku biya masauki. Hunturu akwai sauƙin kuɗi, sai dai yini gajere ne, kuma a kan 'yar tabarma ake sa ku buga don kare ciyawa.

Mota kuwa, mutum huɗu da jakar sanduna huɗu da akwatuna ba za su shiga ƙaramar mota ba, ku yi hayar ƙaramar bas. Ta hannun hagu ake tuƙi, kuma in mai sauya giya da kanta kuke so sai kun faɗa tun wajen yin oda. Jirgin ƙasa ba ya shiga St Andrews, a Leuchars yake tsayawa, daga nan a hau tasi ko bas. Ku tambayi kamfanin jirgin sama kuɗin jakar sanduna kafin ku sayi tikiti, takalman wasa kuma ku sa su a jakar hannu.