Ragowar maganin ciyawa a gona: me kuka gani da idonku?

Ɗan Kadawa: Salamu alaikum manoma. Na karɓi hayar gonar da aka yi masara da damina, na dasa tumatir. Ya kama lafiya lau, sai gefen tsofaffin ganye ya fara yin ɗorawa, daga nan ya bushe kamar an babbaka. Mai gonar ya ce maganin ciyawa atrazine ya fesa, kuma a makare, cikin Agusta. Wa ya taɓa gamuwa da haka?

Baban Halima: Wa alaikumus salam. Ɗana, duba ko ɓarnar ta fi yawa a bakin kunya, inda mai feshi yake juyawa, da wurin da ake wanke injin. Ni a wakena nan ne ya fara mutuwa. Har yau ciyawa ba ta fitowa sosai a inda yaran suka zubar da ɗaurayen.

Malamar Gona: Baba ya faɗi gaskiya. Ƙananan halittun cikin ƙasa ne ke cinye yawancin maganin, su kuwa sai da laima da ɗumi suke aiki. Da ruwa ya ɗauke, hunturu ya shigo, ƙasa ta bushe, aikinsu ya tsaya, magani ya kwanta yana jira. Kana ban ruwa sai ya narke, saiwa ta sha. Masara da dawa suna iya jure shi, tumatir, albasa da wake ba sa iyawa. Abin da ya fi damuna shi ne jigawa: can ba ya zama, gangarawa yake yi zuwa ruwan rijiya. Saboda ruwan ƙasa ne Tarayyar Turai ta hana shi tun 2004.

Na Bakolori: Maganin ciyawa glyphosate kam bai taɓa yi min haka ba, laka ke riƙe shi. Shi ya sa ma idan ka dama shi da ruwa mai dauɗa, ka yi asarar kuɗinka.

Ɗan Kadawa: To Malama, sauran fangalin da ban dasa ba fa?

Malamar Gona: Ɗebo ƙasarsa a gwangwani, ka ɗebo wata daga inda ba a taɓa feshi ba, ka shuka wake a kowanne. Jira ganyen gaske ya fito, domin tsiro kaɗai ba ya nunawa. In na farko ya yi ɗorawa, ka kafce da zurfi, ka zuba ruɓaɓɓen takin shanu, ka sa masara a wurin bana.